Dala Talatin

Ran Laraba aka kira zama a ofishin magajin garin Pitowa.
Na wanke warin albasa daga hannuna,
na sa rigar da ba ta san kasuwa ba,
na ari babur ɗin ƙanena, mai tari irin na tsohon rago.

Mu ashirin da biyar ne a takarda,
sha tara suka zo.
Fanka na juyi a kanmu, tana raba zafi daidai wa daida,
ita kaɗai ce a zauren ba ta da jam'iyya.

Magatakarda ya buɗe kasafi da Faransanci.
Faransancina na tasha ne,
ya isa ciniki, bai isa gardama ba.
Amma lamba ba ta da ƙabila,
da kowane baki ta fito ina gane sawunta:
tikitin kasuwa, dala ashirin,
za a mai da shi talatin
don a gina kwalbati a bakin mayo,
inda ruwan bara ya tafi da jakin Hamajoda har da buhunan gyaɗarsa.

Wa zai ƙi kwalbati?
Ni ma ta nan nake bi.
Sai dai Goggo Dudu ta tsaya mini a ido,
faifai guda, daddawa ƙulli goma sha biyu,
ran da kasuwa ta yi kyau ribarta dala arba'in.
A cire talatin.
Saura kuɗin gishiri, da komawa gida a ƙafa.

Na ɗaga hannu. Magajin gari ya dubi agogo.
Na ce a yi mini aikin gafara, zan yi da bakin da na iya.
Na ɗauko da Hausa, na ƙetara Fillanci,
Madam Tizi na juya wa masu alƙalami.
Na ce mai shago ya biya, mai rumfa ya biya,
ni mai buhu ɗari a ninka mini,
amma wadda kantinta ke zuwa bisa kanta,
ta sauke da hantsi, ta ɗauke da la'asar,
a bar ta a ashirin ɗinta.

Alhaji Bappa ya ce ƙuri'ar mata nake farauta.
Wani ya ce in ka buɗe wa akuya ƙofa, raƙumi zai leƙo.
Aka yi ta ja
har shayi ya huce, azahar ta wuce mu a zaune.
Aka ƙirga hannuwa: goma da tara.
Na goman hannun mutumin da ba ma gaisawa ne tun zaɓe.
Bai dube ni ba. Ni ma ban gode ba.

Sai takarda ta zagayo, a sa hannu a watse.
Na bi ta da yatsa, layi bayan layi.
Ga talatin nan ya miƙe ƙafa,
masu faifai ko alamarsu babu.
Magatakarda ya ce mantuwa ce, a gyara a zama na gaba.
Zama na gaba wata shida ne.
Na ƙirga Lahadin da ke cikin wata shida,
na ajiye biro, na ce ba na sauri.

Ambulan ɗin kuɗin zama na jira a teburi,
cikin kowa na kuka,
harara kam na sha ta har na ƙoshi.
Ya koma ya sake bugawa.
Layi ɗaya da rabi, shi ke nan abin da na samo.

Ran Lahadi na shiga kasuwa da takardar ninke a aljihu.
Yaron tikiti ya karɓi ashirin a hannun Goggo, ya wuce.
Ta ɗago ta ce, "Kansila, ashe kun ƙara haraji?
An ce har da hannunka a ciki."
Na ce e, har da shi.
Ta yi tsaki, ta ƙulla mini daddawa ta dala goma,
ko gyara ba ta sa ba.

Da yamma na bi ta bakin mayo.
An zube tifa guda ta duwatsu,
yara na zaune a kai suna shan rake.
Gabas kuwa hadari ya fara haɗa gira.