Amsa ta Ɗari da Ɗaya

A Garwa, bakin Binuwai,
na shuka tambaya bakwai a waya,
na tura wa manoman albasa:
buhu nawa ya ruɓe bana?
A sito ko a mota?

Kyauta ce, in ji manhajar.
Ashe kyautar mai tsire ce:
ɗanɗana, kada ka cika baki.

Ɗari suka shigo lafiya.
Ta ɗari da ɗaya aka danna mata kwaɗo,
sai inuwarta nake hange
kamar tarwaɗa a ruwan damina.

Sefa dubu goma sha biyar a wata.
Ma'aji Bappa Yero ya tsuke baki:
"Man babur ne na mako biyu.
Ɗarin ba su ishe ka ba?"

Da sun isa.
Sai ga kiran Inna Dudu daga Pitowa.
Jikanta ne ya cike mata,
sai da ya hau tudu kafin ta tafi.
Ta ce, "Ka ga tawa?"
Na ɗora wa wayata laifi.

Da asuba na biya, wata ɗaya tak.
Talatin da huɗu ne a bayan ƙofar.
Tata ba tsawo:
"Buhu tara. Rufin sito na yoyo,
tun bara nake faɗa."