Tara da Rabi

Kwana uku ruwa yana dukan kwanon shagona
a nan tsibirin Chiloé, inda rana baƙuwa ce,
kwana uku ni ma ina zagaya injin zarton nan
kamar mai zagaya saniyar da zai kai kasuwa.

Babana Belarmino ne ya sauko da shi daga jirgin ruwa.
Ƙarti shida suka ɗauko teburinsa suna nishi,
ƙarfen zubi, baƙi wuluk, sanyi kamar dutsen rafi.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Duk ƙofar da ke layinmu ta bi ta bakinsa,
da haƙarƙarin kwale-kwale goma sha bakwai,
da akwatin da muka kwantar da baban a ciki.

Yanzu boris ɗinsa yana kuka tun bai taɓa itace ba.
Shingen jagora ya goce da kaurin farce,
sai na ba shi guduma sau biyu ta gefen hagu.
Sau biyu.
In ka ƙara na uku, katako ya fito a karkace,
kuma ba wanda ya san wannan duk duniya sai ni.

Yasna, 'yata, ta zo da takarda mai hotuna.
"Baba, dubi wannan. Da ya ji fatar mutum
sai ya tsaya cak, haƙoransa su nutse ƙasa."
Ta faɗi kuɗin. Na yi dariya har na sarƙe.
Dankalin gonarmu na shekara biyu, har da ciko!
Ita ba ta yi dariya ba.
Hannuna take kallo.

Tara da rabi.
Rabin ya tafi wata safiya mai hazo,
ina tsaga katakon tagar coci, hankalina yana kan bashi.
Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba.
Zarto bai san yatsa ba, bai san reshe ba,
abin da ka miƙa masa shi yake ci.

Na ce mata da tsohuwar zuma ake magani.
Ta ce sabo turken wawa,
ta ajiye takardar a kan tulin dusa, ta fita.

Da maƙwabcina Eleuterio ne, da tuni an wuce wurin:
a sake boris, a sake bel, a goge tsatsa,
sababbin nan gwangwani ne da aka shafa wa fenti.
Gaskiyarsa. Na taɓa ɗaya a birni,
na jingina da shi, ya matsa.

To amma akwai Ayelén.
Shekararta goma sha biyu, ita ke share mini shago,
tana gane itace da ƙamshi, idonta a rufe.
Jiya ta ɗora tafinta a kan teburin,
ta ce, "Kaka, yaushe zan tura na farko?"
Na ƙirga ba da niyya ba.
Goma cif.

Daren nan na zazzage gwangwanin ajiya a kan gado.
Bai kai ba. Sai an haɗa da ɗan maraƙi,
sauran a biya wata-wata, abin da na tsana.

Tsohon kuwa ba inda za shi.
Wa ma zai ɗaga shi? Ƙartin shida, huɗu suna ƙasa.
Zan kwance faifan in rataye a ƙusa,
teburin ya zauna, don har gobe babu shimfiɗa
mai gaskiyarsa a tsibirin nan.
A kansa za ta gwada ko katakonta ya miƙe.

Ban gaya wa Yasna ba tukuna, kada ta ji daɗi da wuri.
Akwai sauran katako ɗaya na ƙofar Eleuterio.
Na kunna fitila. Na ɗauki guduma.
Ɗaya.
Biyu.