Bashin Barmo

Na sauka Rimi da rikoda a jaka,
batir shida, biro biyu, tambaya arba'in.
Barmo Maitaushi na gindin ɗorawa
yana murza nake a cibiyar fata.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan Liman Sada,
mi kake nema a abin da ubanka ke rufe wa taga?"

Na ce nazari nake yi.
Ya ce, "Da wane hannu?"
Ya kama tafina ya juya shi
kamar mai tayin tsohon takalmi,
ya ce, "Wannan loma kaɗai ya sani."

Damina uku ina binsa.
Na ɗauki taken maƙera, na ɗauki na manoma,
da wani da ba a kaɗawa sai wanda ake yi wa ya mutu.
Na zana layuka, na ɗiga ɗigo,
na kai masa takardar ina jin kaina.
Ya riƙe ta a kife, ya daɗe yana dubawa.
"Ka rubuta inda hannu ke sauka.
Ina ka rubuta inda yake ƙin sauka?"

Ranar na ajiye biro.

Yatsuna suka tsage, na shafa man kaɗe,
suka sake tsagewa.
Akwai wani ɗan shiru a taken maƙera,
bai kai ƙiftawar ido ba,
tsakanin guduma da amsawar uwar maƙera.
Shekara bakwai ina faɗawa cikinsa kamar rami.
Ran da na tsallake, Barmo bai yaba ba,
goro kawai ya ɓara, ya miƙo mini babban ɓarin.

Sauran labarin yana jikin bangon ofis:
digiri, hotuna, takardun gayyata.
Na kaɗa a ɗakunan da ba a guɗa,
mutane zaune kamar masu jiran likita,
sai ka gama su tafa, ba mai liƙa maka ko sisi.
Na dawo Katsina, a ɗaurin aure a Gambarawa,
na ji wani na raɗa, "Dokta ne, amma fa maroƙi."
Surukaina har yau ba su yanke ba
ko malami suka ba 'yarsu ko makaɗi.

Kaset ɗari biyu da sha ɗaya na tara.
Shekarar da Barmo ya rasu rufin ofis ya yi yoyo,
ina can wani taro ina bayani a kan adana tarihi.
Na tarar da zaren ya manne, ya yi furfura.
Na sa guda a rikoda,
ta tauna muryarsa ta tofar.

Jiya da la'asar wani yaro ya yi sallama,
Kallamu, mai gyaran waya a Ƙofar Ƙaura,
ƙamshin dalma bai bar rigarsa ba.
Ya kwance buhu: taushin ne,
ɓera ya ci tsarkiya, kangon na nan lafiya.
Ya ce, "An ce kakana yana wurinka."

Na dubi kabad. Na dubi bango.
Sai na miƙa masa hannuwana,
don nan ne kaɗai ruwa bai taɓa ba.

Na ɗauko nawa, na kaɗa masa taken maƙera sau ɗaya.
Ya karɓa, ya gyara zama irin zaman tsohon,
kafaɗar hagu a ɗan karkace,
ya zo bakin ramin nan nawa na shekara bakwai
ya wuce, bai ma san da rami ba.

Wani abu ya tokare mini wuya,
rabi hassada, rabin ban san sunansa ba.
Na laluba aljihu. Goro ɗaya ya rage.
Na ɓara.