Sa'ar da Uwata Ta Saya

A Mokpo aka haife ni, daren da guguwa ta ɗauke wuta,
agogon bango ya tsaya,
jiragen su na karo da juna a bakin gaɓa.

Uwata Pil-nyeo, mai sayar da busasshen kifi,
ran Lahadi tana sahun gaba a coci,
ran Talata tana bayan tashar jirgin ƙasa
a rumfar tsoho Gye-dong mai duban taurari,
ta ja gyale har hanci kada dattawa su gane ta.

Abu huɗu tsohon ke nema: shekara, wata, rana, sa'a.
Ya lissafa, ya ce,
"Yaron nan ruwa ba zai ci shi ba.
A tudu zai mutu, da furfura."

Fasto kuwa ya ce tun ba a kafa duniya ba
aka rubuta zaɓaɓɓu, alƙalami ya bushe,
hawaye ba ya ƙara ko wasali.
Na ce, "To addu'ata fa?"
Ya ce, "Ita ma tana ciki."

Shekara talatin da ɗaya na yi a teku,
takardar tsohon a ɗinke cikin rigata.
Daren da igiyar ruwa ta kifar da mu kusa da Heuksando,
Man-sik ya saki, Deok-bae ya saki,
ni na riƙe igiya har tafina ya tsage,
don an ce mini ba a nan ba ne.

A gadon asibiti, muryarta kamar zare,
ta ce, "Sa'ar nan, ban san ta ba.
Duhu ne, wa ya duba agogo?
Sau uku na je masa.
Na ce tsakar dare, ya ce nutsewa.
Na ce asuba, ya ce kurkuku.
Na ce hantsi, ya ce tudu.
Ta ukun na biya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Yau ga ni a tudu, ga furfura,
ina gyaran koma a ƙofar gida.
Har yanzu nakan buɗe tafina in dubi tabon,
in rasa hannun wa ya riƙe igiyar:
na taurari, na Mai Littafin,
ko na wata mai kifi da ta taya sama
kamar yadda take taya kwandon safe,
ta ƙi albarka sau biyu.

Faston ya tsufa, ba ya ji sosai.
Ban gaya masa ba.