Juyi Biyu a Gafaka Ɗaya

A zauren kakana Malam Haliru, a Gwandu,
akwai littafin ajami mai juyi biyu,
ɗaya hannun babansa, ɗaya hannun kawunsa,
suna kwana a gafaka ɗaya ta fatar akuya.

Shekarar da soro ya yi yoyo
gara ta biyo ta ƙarƙashin buzu
ta cinye layi uku a tsakiyar warƙa ta sha tara.
Bai ɗaga murya ba.
Ya feƙe alƙalami, ya dama tawada,
ya shimfiɗa littattafan kafaɗa da kafaɗa,
yana bi da yatsa har bakinsu ya zo ɗaya,
kalmar da ke saman ramin, kalmar da ke ƙasansa,
sannan ya ɗebo abin da ke tsakani.

"Jumma, taho ki gani.
Rami ba a cika shi da ka.
Ɗan'uwa ake tambaya."

To ashe a juyin kawu akwai wani ɗigo
inda baba bai ɗiga ba.
Ko ƙuda ne ya taka tawada,
ko gyangyaɗin bayan azahar, oho.
Ra ta koma zaira.
Inda aka rubuta gara, aka wayi gari ana karanta gaza,
kuma yanzu bakinsu ɗaya su biyun,
babu mai ƙaryata wani.

Shekara talatin bayan nan
ina zaune a bencin asibiti a Birnin Kebbi.
Gwaggo Tumba ta tafi da sankarar mama,
yayata Hajo ta bi ta kafin ta yaye autanta.
Likita Rifkatu, 'yar Zuru,
ta juya bayan katina ta ja layi biyu da biro.

Ta ce cikin kowace ƙwayar jikina
akwai dogon zare, rubutu da baƙi huɗu kacal,
juyin uwa da juyin uba.
Ta ce zaren kan tsinke.
Rana na tsinka shi, hayaƙin murhu na tsinka shi,
rayuwa ma kawai tana tsinka shi.
Sai wani ɗan gyara ya ɗauki bakin da ya yanke
ya shiga laluben ɗan'uwansa,
ya jera su, ya juyo abin da ya ɓace.
Wani lokaci ya taho da ɗigon ɗan'uwan,
na asalin ya shafe har abada.

Na ce, na san mutumin nan.
Yana da furfura da tabon tawada a babban yatsa.
Ta yi dariya, sannan ta daina.

Ta ce ba kowane ɗigo ne cuta ba.
Da irinsa zuri'a take sauya kama a hankali,
har jika ya zo da abin da kaka bai sani ba.
Amma akwai gidan da ɗan gyaran kansa
ake haifarsa da rauni.
Ranar da ya kwanta,
sai a kama baki biyu a ƙulla a makance,
layi uku sun tafi, ba wanda ya tambaya.
Daga irin ƙullin nan daji ke tsirowa.

Ta ɗebi jinina a 'yar kwalba.
Ta ce za a kai shi nesa, sai bayan sati shida.

Na hau motar Gwandu da auduga a gwiwar hannu.
Shinkafa ta yi kore a fadama, ban kalle ta sosai ba.
Da na isa na sauko da gafakar,
fatar ta bushe, igiyar ta karye a hannuna.
Warƙa ta sha tara tana nan,
tawadar kaka ta fi ta kewayenta baƙi.

Ɗiyata Luba ta leƙo ta kafaɗata,
ta ɗora yatsa a kan ɗigon
tana kankarewa da farce.
Na riƙe hannunta.
Yau saura sati biyar da kwana shida.