Inda Tsakuwa Ta Gangaro

Jif ɗin Nadir Aman ta gaji a kwana ta talatin da ɗaya,
ta yi tari, ta mutu.
Sauran hawan da ƙafa muka ƙarasa,
hannun Baba a kafaɗata,
numfashinmu na fita fari kamar hayaƙin ɗanyen ice.

Chitral na can ƙasa, ta ƙanƙance,
rufin gidaje kamar shinkafar da ta zube a tabarma,
kogin ya koma zare.
Tirich Mir ya yafa farin bargonsa,
bai kula kowa ba.

Shekara ashirin Baba na hawa nan da bindiga
kafin hukuma ta ce a rataye ta,
kafin yanar ido ta karɓe sauran.
Yau ni ce idonsa,
ni Gulsambar, malamar lissafi,
da madubin hangen nesa na aro a wuya.

Na duba gabas: dutse.
Na duba yamma: dutse, da al'ul jefi-jefi.
Mai gadin gandu ya zuba mana shayi mai gishiri,
ya ce jiya ma wasu sun wuni nan,
sanyi kaɗai suka kai gida.

Baba ya ɗaga yatsa.
Can nesa tsakuwa ɗaya ta gangaro,
ƙas,
ƙas-ƙas,
shiru.
"Hagu da bishiyar da tsawa ta ƙona.
Ɗaga kaɗan."

Sai ga shi.
Bunsurun dutse, markhor, gemu har ƙirji,
ƙahonsa biyu a murɗe suna neman sama,
yana tsaye inda ko ƙadangare
sai ya yi shawara kafin ya taka.

"Murɗa nawa?"
"Uku. Uku da rabi."
"Tsoho ne," in ji Baba, "sa'ana ne.
Makon da aka haife ki na auna wani a wannan gefen,
hannuna ya yi rawa, ya tsira.
Aka yi sunanki da wake da gurasa,
uwarki ta yi kwana uku ba ta ce mini uffan ba.
Wa ya sani ko jikansa ne."

Shayin ya huce a kan dutse.
Da mantuwa na miƙa masa madubin.
Ya karɓa, bai ce komai ba,
ya ɗora a idon da ba ya gani,
ya juya daidai wurin,
ya daɗe.