Abin da Ya Sawwaƙa

Shekara uku ina koya wa mutane lissafin sana'a
a ɗan ɗaki bayan kasuwar Tudun Wada,
fanka ɗaya, benci biyu, allo da ya tsage a gefe.
In aka ce, "Malama, nawa ne?"
sai harshena ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo:
"Haba, kawo abin da ya sawwaƙa."

Abin da ya sawwaƙa ba ya biyan haya.
Ko ɗan acaɓa daga Gyallesu bai san shi ba.

Ran Laraba Lantana mai ɗinki ta leƙo,
ita da na hana cewa "ba komai" in an kawo shadda.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Ke kika ce zare kuɗi, allura kuɗi, zaman keke ma kuɗi.
To naki zaman fa, sadaka ne?"

Daren nan na kwana da biro.
Na ƙirga awanni, da takalman da suka tsinke a hanyar Samaru,
da shagon Barau da ya daina asara tun watan azumi.

Da safe mai sayar da taya daga Kwangila ya tambaya.
"Dubu goma sha biyar, wata guda."
Ban ƙara da "amma" ba.
Shiru ya zauna tsakaninmu, na bar shi ya huta.

Ya sosa ƙeya, ya ce zai yi shawara.
Ya tafi.

Na tashi na goge allo.
Hannuna bai yi rawa ba.